Kawu da Jarkokin Jan Ruwa

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, mai so da marar so. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na unguwar New Bell a Douala, ana ruwan sama, bayan tarin da ya kama shi tun azumi ya gama da ƙirjinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Mutane sun zo gaisuwa, kowa da abin da ya kawo a baki. 'Yan turaren kasuwa suka shigo a ayari, rumfa ta cika da ƙamshi. Babbansu ya kama hannuna, maimakon ya ce ya haƙuri, sai ya ce, "Yanzu wa zai yi mana murafu?" Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa ya sunkuyar da kai, ya yi ta shafa fatiha. Direbobin tasi suka zo suka toshe layi da motoci. Matar nan 'yar Bassa mai tuya a bakin hanya ta tsaya daga ƙofa tana "Ashia, ashia," wato sannu da haƙuri, ta ce duk unguwar nan kwatar gidan Kawu kaɗai take barin agwaginta su sa baki. Liman da ya yi masa wanka ya fito ya ja ni gefe.

"Hannuwan nan nasa, wuta ce ta ci su?"

Na ce, "Ba wuta ba ce, Malam. Aiki ne."

"Kai ma shi kake yi?"

Na ce e. Ya dubi hannuna. Kallon nan ya bi ni har maƙabarta.

Akwai masu magana ƙasa-ƙasa a bayan rumfa, na ji su da kunnena. Wai mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, amma akwai rowa. Wai jarkar da ba komai a cikinta, gara ya farke ta da wuƙa da ya ba maƙwabci ya ɗebi ruwa. Na wuce abina. Ranar ba ta faɗa ba ce.

Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa, ita ta goya shi yana jariri. Ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ta zauna kan tabarma kusa da matarsa, wadda muke kira Iya, duk wanda ya ce mata sannu da haƙuri sai ta ce, "Ya tafi da taurin kansa." Mata suka yi ta kallon juna.

Ɗansa na fari, mai aikin ofis a unguwar Bonapriso, shi ya ce in rubuta wannan. Ya ce shi ya san mahaifinsa a kan tabarmar cin abinci, ni kuwa na san shi a bakin tukunyar aiki. Na ce masa ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko. Ya ce in faɗa yadda na sani. To ga shi.

Sana'ar Kawu ita ce sa wa roba rigar ƙarfe. Murfin kwalbar turare, tambarin gaban mota, maɓallin rediyo, hannun kula. Ka gan shi yana walƙiya kamar azurfa, ka ɗaga ka ji ba nauyi, to roba ce a ciki. Ya koyi aikin a wani kamfanin Turawa can wajen masana'antu. Da la crise ta shigo, wato karayar tattalin arziki, kamfanin ya rufe, aka sallame su. Wasu suka karɓi abin da aka ba su suka koma arewa. Shi ya ce a ba shi tsofaffin tukwanen aikin da ragowar magunguna. Ya kwaso su a amalanke ya zuba a shagon gaban gidansa. Inna ta ce ya haukace. Sai ga shi shekarun wahalar su suka ciyar da shi, don ba mai iya sayen sabo. Mai tasi tambarinsa ya ɓare, ya kawo. Mai turare ya sayi murfin roba mai arha, ya kawo a mai da shi abin kallo.

Ni ban je wurinsa ina yaro ba. Da iyalina, da furfura a haɓa na je, bayan an rage mu a tashar jirgin ruwa inda nake dako. Na zauna gida har matata ta daina tambayata ina za ni. Inna ta kama hannuna kamar ɗan yaye ta kai ni shagon ƙanenta ta ce, "Ga ɗanka nan, yana ruɓewa." Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana da tsoro?" Na ce ba ni da shi, don na ɗauka abin da yake son ji ke nan. Ya ce, "To koma gida. In ka samo ka dawo."

Na dawo washegari na ce na samo. Ƙarya nake yi a lokacin. Amma ban daɗe ba ta zama gaskiya.

Yakan ce walƙiyar ba ita ce aiki ba, aikin yana can kafin walƙiya. Ƙarfe ba ya kama roba haka kawai, don fuskarta sumul take, ba wurin riƙewa. Kuma ba kowace roba ce take yarda ba. In an kawo kaya sai ya yanki ɗan ɓarɓashi, ya ƙyasta ashana ya ƙona, ya dubi hayaƙin, sannan ya miƙo mini ya ce, "Shinshina. Me ka ji?" In na faɗa sai ya ce wannan za ta yi, ko kuma a mayar wa mai ita. Na daɗe ina zaton gwada ni yake yi. Ashe hancinsa ne ya mutu. 'Yan turaren da suke cika masa shago da ƙamshi, bai taɓa jin komai ba.

Farko wanki, da ruwan zafi da soda, har maiƙo ya fita. Daga nan hannu ba ya ƙara taɓa kayan, sai dai a rataye su a waya. Ranar da na gyara wani murfi da yatsa, bai yi mini faɗa ba. Ya bari aka gama aikin, ya miƙo mini murfin. Ga zanen yatsana nan a fili, ƙarfen ya kumbura a wurin kamar borin jini. Ya ce, "Ajiye. Ka sa hannu a takardar shaidarka."

Bayan wanki sai jan ruwa. Asid ne, launinsa kamar manja da ya tsufa, kuma sai an ɗumama shi yake aiki. Shi yake cin fuskar robar, ya huhhuda ta da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, inda ƙarfe zai sa ƙafa ya tsaya. In an bar ta kaɗan, ƙarfen zai ɓare. In an bar ta da yawa, ta ƙone ta zama gari. Kawu ba ya duba agogo. Zai ciro ɗaya, ya ɗauraye, ya zuba mata ruwa yana kallo. In ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a bayan agwagwa, ba ta yi ba. In ya kwanta ya shimfiɗe ko'ina, ta yi. "Ta sha," in ji shi. "Robar da ba ta sha ruwa ba, ba ta ɗaukar ƙarfe."

Sai ɗauraya, ɗauraya, ɗauraya, har ka gaji, don ɗigon jan ruwa ɗaya ya isa ya kashe tukunya ta gaba. Ita ta gaban muna ce mata shayi, saboda kalarta. Maganinta ya fi komai tsada a shagon, a ƙarƙashin gadonsa yake ajiye kwalbar. Shi yake shiga ramukan nan ya zauna kamar iri a gona. Daga nan a tsoma kayan a ruwan nikel, wani farin ƙarfe, ba waya, ba lantarki, ka ga kumfa na tashi a hankali, robar ta koma launin toka a gaban idonka. Ƙarfe ya kama ke nan. Ranar da na fara gani sai da na yi a'uziyya. Abin da ya rage, na lantarki da walƙiya, Kawu cewa yake ko makaho ya iya.

Duk wannan ya koya mini, ban da jan ruwa. In lokacinsa ya yi sai ya ce in fita in tsaya a titi. Ya ɗaure fuska da tsumma, ya sa safar roba, ya ja ƙofa rabi. Ni ina waje ina jin tarinsa. Shekaru muna haka, har abin ya cika mini ciki. Wata rana na ce, "Kawu, in asirin sana'ar kake ɓoye mini, ka faɗa mini in nemi wata. Ni ba yaro ba ne."

Bai yi fushi ba. Ya cire tsumman, ya ce in matso bakin ƙofa inda haske yake. Ya ɗauki tsinken ashana, ya ɗaga kai, ya sa shi a ƙofar hancinsa ta dama. Tsinken ya fito ta hagu. Bangon da ke tsakani babu shi, tururin ya cinye. Ashe shi ne ɗan fito ɗin nan da muke ji in yana numfashi a sahun salla, wanda yaran unguwa suke kwaikwayo.

Ya ce, "Ga asirin. Kana so?"

Na ja da baya.

Ya ce, "Hanci ɗaya ya isa a dangi. Uwarka ta ba ni kai in ciyar, ba ta ce in huda ka ba."

Daga ranar na samo tsoron da ya aike ni nema. Ban ƙara wucewa kusa da tukunyar nan ba sai na ɗauke numfashi. Na riƙa duba hannunsa a ɓoye, ramuka ne zagaye a gaɓoɓin yatsu, kamar idon tsuntsu, ba sa warkewa. In na koma gida sai in sa yatsa a hancina in taɓa bangon, in ji yana nan. Har yau ina yi. Ɗazu ma na yi.

Shi ma tsoron yake ji, kada wani ya ce muku ba ya ji. Amma ba kansa yake ji wa ba. Ruwa yake ji wa. Kun san New Bell: ka haƙa rami kamu biyu ka ga ruwa, rijiyar wannan da kwatar wancan 'yan uwa ne a ƙarƙashin ƙasa, in damina ta yi ƙarfi kuma duk su haɗu a tsakar gida. Saboda haka ya gina wani ramin siminti a lungun bayan gida, ya ɗaga bakinsa sama da gwiwa. Duk ruwan ɗauraya can yake zuwa. Ruwan rawaya ne, kamar an jiƙa rawayar miya. Sai ya zuba masa wani farin gari mai warin ashana, ya motsa da sanda har ya juya ya zama kore, sannan ya zuba farar ƙasa, dattin ya kwanta. Dattin in ya bushe ya kwaɓa da siminti ya yi bulo. Katangar bayan gidansa da shi aka yi ta. Maganarsa kullum ita ce, "In yana rawaya yana da rai. In ya yi kore ya mutu. Kada ka juya masa baya yana da rai."

Lokacin da kuɗin ƙasa ya faɗi, farin garin nan ya yi tsada har ya wuce hankali. Wani da yake irin aikinmu can wajen unguwar Village ya zo ya ce masa, "Alhaji, kai kaɗai ne mai imani a Douala? Ka zuba a kwata, ruwan sama ya kai teku." Kawu ya ce, "Kafin teku akwai masu alwala." Makon nan ya sayar da babur ɗinsa. Ya riƙa zuwa kasuwa a ƙafa yana tsayawa yana haki.

Sai maganar jarka, wadda mu nan muke ce wa bidon. A cikinsu ake kawo asid ɗin, shuɗɗa masu kauri, masu murfi mai kyau. A unguwar da famfo ke ɗaukewa ya yi kwanaki, jarka irin wannan dukiya ce. Kowace mace ta wuce shagon sai ta kalle su. Shi kuwa da zarar ɗaya ta ƙare, zai ɗauraye ta a ramin siminti, ya kife ta ta tsane, ya ɗauko wuƙarsa ya farke ta daga wuya har gindi. A bainar jama'a yake yi, a bakin titi, don kowa ya gani. Ya ce roba tana shan abin da aka zuba mata, ko ka wanke da sabulu sai ta yi amansa a hankali cikin ruwan shanka. Ba wanda ya yarda. Suna ganin jarka fes, an ɗauraye, me ya rage? Nan sunan rowa ya bi shi.

A kan jarka suka ɓata da Inna. Tana sayar da kunun zaƙi a ƙofar gidanta, gidan da ke jingine da nasa, katanga ɗaya ta raba. Wata rana ba ya nan ta shigo ta ɗauki ɗaya da ya kife, ta wanke ta da toka da lemun tsami, ta cika da ruwa. Ya dawo ya ga babu. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar. Ya iske ta a cikin masu saye, ludayi a hannu.

"Yaya, kin zuba a kunun?"

"Sallama ma babu?"

"Kin zuba ko ba ki zuba ba?"

"Ban zuba ba tukuna. Don jarka ɗaya za ka zo kana huci a kaina? Ni da na wanke maka kashi?"

Ya ɗauki jarkar da ruwanta ya kai ramin, ya dawo da ita ba komai, ya farke ta a gabanta da gaban masu sayen kununta. Sannan ya kama tukunyar kunun ma ya kifar, wai bai yarda da maganarta ba. Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Yau na san uwarmu ta mutu." Ta shige gida.

Damina guda ba ta yi masa magana ba. Yana aika mata cefane tana maidowa. Ya sayi sabuwar jarka fara daga kanti ya ba ni in kai mata, ta ce in gaya masa ya zo ya farke wannan ma. Ni ina tsakiya, safe in gaida wannan, rana in yi wa wancan aiki. Da babbar salla ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya ce ta yafe masa kunyar da ya ba ta. Ta ce, "Jarkar fa?" Ya ce, "Ita kam ko gobe zan farke." Ta yi tsaki ta miƙa masa nama. Haka suka shirya, rabi da rabi. Ba ta ƙara taka shagonsa ba, kuma ba ta daina ce masa mai taurin kai ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, dole ni na shiga jan ruwa, don akwai kayan mutane a hannu kuma gida biyu ke ci daga shagon. Ranar farko ya sa aka buɗe tagarsa, yana kwance yana kira da abin da ya rage masa na murya: "Ka ɗaure fuska? Ka tsaya ta bayan iska?" Da na fito ya ce in zo ya duba ni. Ya juya hannuwana gaba da baya kamar mai sayen fata. Ya ce, "Har yanzu kana tsoro?" Na ce, "Kamar in mutu, Kawu." Ya ce, "Madalla. Ranar da ka daina, ka rufe shagon."

Safiyar Talatar nan na ɗauraye jarkokin da suka ƙare, na kife su a bakin ƙofar shago daga ciki su tsane, na ɗauko wuƙa. Ban kai ga farkewa ba na ji kukan Iya daga cikin gida. Na ajiye wuƙar, na ja ƙofa na kulle, na rataye makullin a ƙusarsa ta zaure. Daga nan sai likkafani, sai makara, sai maƙabarta, sai zaman makoki. Ban ƙara waiwayar shago ba.

Ranar sadakar uku famfo ya ɗauke a duk layinmu. Ruwan rijiya na wanki ne, ba a dama kunu da shi. Jama'a kuwa sun cika rumfa tun bayan asuba, har daga unguwannin Bali da Akwa. An yi addu'a, an fara rabon kunu da waina. Ɗan Kawu ya ce mini benci bai isa ba, in akwai a shago in fito da su. Na je zaure, makulli ba ya ƙusa. Na zaga, ƙofar shago a buɗe. An riga an kwashi bencin. Inda na kife jarkokin kuwa sai shatar ruwa a siminti. Wuƙar ma babu.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Na juya na hangi rumfa, kowa da kofi a hannu. Tsofaffi, 'yan turare, direbobi, jikokin Kawu a bakin tabarma suna lasar baki. Liman ya ɗaga nasa zai kai baki. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba, na doke kofin daga hannunsa, kunu ya wanke masa riga.

Na ce, "Kada kowa ya sha. Ku ajiye."

Wani ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ɗan Kawu ya riƙe kafaɗata yana cewa, "Doucement, a hankali, yaya, me ya faru?" Na ce, "Bidon. An kwashi bidon." Shi kaɗai ya gane. Fuskarsa ta canza, ya juya ya fara karɓe kofuna daga hannun yara, yana tambayar kowanne ko ya sha. Sun sha. Kusan duka sun sha.

Na kutsa cikin gida, wurin da maza ba sa shiga a irin wannan rana. Mata suka ja mayafi. Na sami matata a bakin murhu.

"Da wane ruwa aka dama kunun nan?"

"Lafiya kake shigowa haka?"

"Wane ruwa?"

Ta ce ita ba ta sani ba, ta tarar an dama. Ta ce dai da sassafe baƙin da suka zo daga Garoua sun ga jarkoki a shago lokacin da aka buɗe ɗaukar benci, wankakku fes, suka ce ai ga abin ɗiban ruwa. Suka ɗauka suka tafi famfon bakin kasuwa. Su ba su san Kawu ba sai a hoto. Taimako suka yi.

"Sun dawo da su?"

"Sun dawo."

"Suna ina?"

Ta duba gefen tukwane inda aka sauke su. Babu. Wata tsohuwa ta ce ta ga Inna tana jan ɗaya ta yi bayan gida.

Lungun bayan gida ɗan siriri ne, tsakanin ɗaki da katangar bulon nan. Na bi shi ina dafa bango. Ina tafe ina lissafin yaran da zan ɗauka a kafaɗa zuwa lopital, wato asibiti, da abin da zan gaya wa iyayensu.

Inna na zaune a ƙasa a bakin ramin siminti, zaninta jiƙe sharkaf, ɗankwalinta ya zame. Jarkokin na gefenta a jere, kowace a farke daga wuya har gindi. Ta ƙarshen tana tsakanin gwiwoyinta, wuƙar Kawu ta maƙale a rabi, ƙarfinta ya ƙare.

Na ce, "Inna, kunun."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da ruwan randata aka dama, na jiya. Waɗannan ana sauke su na tare su. Ko cokali bai shiga tukunya ba."

"Kin tabbata?"

"Kai ma za ka kifar mini da tukunya ne?"

Na zube a ƙasa kusa da ita. Na daɗe ban iya ɗaga kai ba. Ita kaɗai, da shekarunta, ta jawo su ɗaya bayan ɗaya cike da ruwa, ta ɗaga kowace zuwa bakin ramin da ya wuce gwiwa. Ba ta kira kowa ba, wai kada baƙi su ji kunya.

Ta nuna ramin da haɓa. Ruwan famfo ne da aka ɗebo da safe, amma a kan farin siminti kana ganinsa da ɗan rawaya-rawaya. Kaɗan ne, wanda in a kofi ne ba za ka lura ba.

Ta ce, "Yana da rai. Ban san inda yake ajiye garin ba."

Na dube ta. Ba ta taɓa zuwa lungun nan ba a sanina. Ta ce, "Daminar da ba na yi masa magana, kana tsammani ina nake tsayawa? Katangar nan ba ta kai wuyana ba."

Na tashi na shiga shago na ɗebo farin garin. Na zuba, na miƙa hannu zan ɗauki sandar, ta riga ni. Ta yi ta motsawa a hankali, yadda take motsa kunu. Daga rumfa muna jin muryar ɗan Kawu yana ba mutane haƙuri, yana cewa a ci gaba da sha, ba komai. Rawayar ta fara dishewa. Ruwan ya juya, ya yi kore mai haske.

Inna ta saki sandar. Ta ce, "Ya mutu." Sai ta sa fuska a cikin zani ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata. Na bar ta ta yi. Da ta lafa ta turo mini jarkar da ƙafa, wuƙar na maƙale a jikinta, ta ce, "Ƙarasa."

Na ƙarasa.

Na je na ba Liman haƙuri, ya ce riga ce, za ta wanku. Masu maganar rowa ban sake jin su ba, ban kuma bi su da bayani ba. Shagon yana hannuna yanzu. Jan ruwa na nan a tukunyarsa, damina ba ta ƙare ba, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu sai in bar abin da nake yi in je in duba bakin ramin. Tsoron bai ragu ba. Ban roƙi Allah ya rage shi ba.

Wanda ya karanta wannan, in ya san Kawu, ya yi masa fatiha. In bai san shi ba, ya yi masa don ruwan da ya sha a New Bell bai same shi da komai ba. Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan da ba a tsoro. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. In kuma kun wuce ta layinmu kun ga mutum a bakin titi yana farke jarka mai kyau, ni ne. Ku ce rowa ce, ku wuce.